Makin Sonic Frontiers: Tsakanin Hukuncin Masu Sharhi da Ra'ayin Masoya

Wasan Sonic Frontiers, wanda kamfanin Sega na ƙasar Japan ya saki ranar 8 ga Nuwamba, 2022, ya sami maki 75 cikin 100 a shafin Metacritic a bugunsa na PlayStation 5. Wannan shi ne matsakaicin makin da ƙwararrun masu sharhi suka ba shi. A shafin nan dai, makin da jama'a suka jefa da kansu ya haura takwas cikin goma a makonnin farko, kuma kafin shekarar ta ƙare an sayar da fiye da kwafi miliyan 2.5. Tazarar da ke tsakanin alkaluman nan ta sake tayar da wata tsohuwar gardama a duniyar wasannin bidiyo: idan tsohon wasa ya sauya kama, wa ya fi cancanta ya yanke masa hukunci, mai sharhin da ake biya don ya auna wasanni, ko masoyin da ya girma tare da shi?

Ɓangare ɗaya na ganin masu sharhi sun daɗe suna tauye wa Sonic haƙƙi, kuma 75 rowa ce ga wasan da ya farfaɗo da jerin. Ɗaya ɓangaren na ganin makin ya yi daidai, watakila ma da rangwame a ciki, kuma so ne ya hana masoya ganin laifi. Kowane ɓangare na da hujjojin da suka dogara da tarihi, don haka daga tarihin ya kamata a fara.

Asalin gardamar

Sonic na cikin wasannin tsalle-tsalle, wato waɗanda ɗan wasa ke sarrafa gwarzo yana gudu, yana tsallake ramuka, yana dira a kan dandamali har ya kai ƙarshen zango. Kamfanin Nintendo ne ya mamaye wannan fage da Super Mario Bros. na 1985. A 1991 Sega ya fito da nasa gwarzon, shuɗiyar bushiya mai jan takalmi, a kan na'urar Mega Drive wadda Amurkawa ke kira Genesis. Yuji Naka ne ya rubuta manhajar, Naoto Ohshima ya zana gwarzon, Hirokazu Yasuhara ya tsara zangunan. Abin da ya raba shi da Mario shi ne gudu. Mario na tafiya a tsanake, kowane tsalle da lissafinsa. Sonic kuwa yakan dunƙule ya gangaro daga tudu, ƙarfin gangarowar ya ɗauke shi ya zagaye madauki ƙafa sama kai ƙasa. Muddin yana riƙe da ko guda ɗaya cikin zobban da yake tarawa a hanya, bugun abokin gaba ba ya kashe shi, sai dai zobban su watse ya bi su yana tsinta. Sonic 2 na 1992, da Sonic CD na 1993, da Sonic 3 da Sonic & Knuckles na 1994 duk a kan wannan tubali aka gina su, kuma kusan babu mai gardama a kan ingancinsu.

Rigima ta fara ne da aka bar hoton shimfiɗe, wanda ake kallo daga gefe, aka koma fili mai zurfi da ake kira 3D. Nintendo ya yi wannan ƙaura a 1996 da Super Mario 64, aka kuma yi masa kyakkyawar karɓa. Sega bai samu fitar da babban wasan Sonic na wannan salo a na'urarsa ta Saturn ba, sai a ƙarshen 1998 Sonic Adventure ya fito a Japan a kan Dreamcast. Tun daga nan matsaloli biyu suka bayyana. Ta farko, kyamarar da ke bin gwarzo mai tsananin gudu ba ta cika nuna abin da ke gabansa a kan lokaci ba. Ta biyu, zangon da ma'aikata suka yi watanni suna ginawa, Sonic na ƙare shi cikin 'yan mintuna. Don a cike gurbi wasan ya yi tsawo, sai aka riƙa cusa wasu ayyuka: kamun kifi, da tonon duwatsu masu daraja, da harbi da bindiga a Shadow the Hedgehog na 2005, da rikiɗar Sonic zuwa dodo mai dogayen hannaye a Sonic Unleashed na 2008.

Mafi munin faɗuwa ta zo a 2006. Wasan da aka sa wa suna Sonic the Hedgehog don cikar jerin shekara 15, wanda aka fi sani da Sonic '06, ya fito bai kammala ba, cike da tangarɗa da dogon jira tsakanin zanguna. Ya sami 46 a Xbox 360 da 43 a PlayStation 3. Daga baya aka ɗan miƙe da Sonic Colors na 2010 mai maki 78 da Sonic Generations na 2011 mai 77, sannan Sonic Boom: Rise of Lyric na 2014 ya sake jefa sunan cikin rami da maki 32. A 2017 wasanni biyu suka fito: Sonic Mania, mai tsohon salon kallo daga gefe, ya sami 86, shi kuwa Sonic Forces bai kai 60 ba a PlayStation 4. Bayan shekara biyar Frontiers ya zo da sabon tsari wanda masu shi suka kira buɗaɗɗen yanki: tsibirai biyar masu faɗi, inda ɗan wasa ke zaɓar inda zai nufa, ya warware ƙananan wasanin ƙwaƙwalwa, ya yaƙi manyan dodannin ƙarfe, ya kuma shiga gajerun zangunan gudu irin na da.

Yadda ake haɗa makin

An buɗe Metacritic a 2001. Aikinsa shi ne tattara sharhin mujallu da kafofin intanet, ya mayar da makin kowannensu kan ma'aunin 100, sannan ya fitar da matsakaici. Ba duk kafofi ke da nauyi ɗaya a lissafin ba, kuma shafin ba ya bayyana nauyin da ya ba kowace. Makin farko da kafa ta bayar shi ke zama, ko da an gyara wasan daga baya. A ɓangaren wasanni, 75 zuwa sama na fitowa da launin kore, 50 zuwa 74 rawaya, ƙasa da haka ja. Frontiers ya tsaya a daidai bakin layin kore a PlayStation 5, bugunsa na Nintendo Switch kuwa ya faɗa cikin rawaya.

Ma'aunin kansa na da wata karkata da kowa ya sani. A jami'o'in Najeriya, ɗalibin da ya ci 70 ya sami A. A makarantun Amurka da yawa kuwa, saba'in da wani abu C ne kawai, kuma irin wannan kallo ne ya mamaye sharhin wasanni: tara gwaninta ce, takwas yabo, bakwai kuwa wasu na karanta shi kamar gargaɗi.

Lambar na da tasiri a zahiri. Kamfanin Obsidian ya rasa ladan da aka yi masa alkawari a kan Fallout: New Vegas na 2010 saboda wasan ya sami 84 maimakon 85. A 2007 kafar GameSpot ta sallami editanta Jeff Gerstmann bayan ya ba Kane & Lynch maki shida, a lokacin da kamfanin wasan ke tallarsa a shafin. A 2017, da Jim Sterling ya ba The Legend of Zelda: Breath of the Wild bakwai cikin goma, matsakaicin wasan ya sauko daga 98 zuwa 97, masoyan Zelda suka yi wa shafinsa kutse har ya tsaya. Mai sharhi na tsakanin matsin kamfani da matsin jama'a, kuma dukkan ɓangarorin muhawarar na kafa hujja da wannan.

Hujjojin masu cewa an tauye wasan

Hujja ta farko ita ce tabon 2006. Masoya na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma haka masu sharhi ke tunkarar kowane sabon Sonic, da zargi a rai tun kafin su kunna shi. Misalin da suka fi kawowa shi ne na kafar IGN, wadda ta ba Sonic '06 maki 4.8 a Xbox 360, sannan ta ba Sonic Unleashed 4.5, alhali Unleashed kammalallen wasa ne da ke tafiya lafiya, kuma zangunansa na rana su ne tushen Colors da Generations da aka yaba daga baya. A ganinsu, ma'aunin da ya sa wasan da ke aiki a ƙasan wasan da ya lalace ba abin dogaro ba ne.

Ta biyu, suna cewa ana auna Sonic da mudun Mario. Wasan Mario na ba da daɗinsa tun a zagayen farko, domin an tsara shi ne ɗan wasa ya ga komai kafin ya yi tsalle. Zangon Sonic kuwa sai an maimaita shi ake ganin gwanintarsa: a zagayen farko mutum na karo da ƙayoyi, a na biyar ya san inda gajeriyar hanyar sama take, a na goma yana ratsa zangon ba tare da ya tsaya ba, yana neman rage daƙiƙa biyu don ya sami darajar S, wadda ita ce mafi girma. Mai sharhi da aka ba wasa 'yan kwanaki kafin ranar wallafa, ga wasu wasannin na jiran sa, da wuya ya kai wannan mataki. Abin da yake rubutawa, in ji masoya, labarin zagayen farko ne.

Ta uku ta shafi sabon salo. A 2017 masu sharhi sun ɗaga Sonic Mania, wanda Christian Whitehead ɗan ƙasar Ostireliya da abokan aikinsa suka yi, kuma yawancin zangunansa tsofaffi ne da aka sake wa fasali. Masoya na tambaya: in komawa baya na kawo 86, yunƙurin buɗe sabuwar hanya kuma ya kawo 75, wane saƙo ake aika wa masu ƙira? A ganinsu Frontiers ya magance tsohuwar matsalar nan ta ƙarancin fili. A tsibiri mai faɗi, Sonic na iya gudu yadda yake so ba tare da an tare shi da wani aikin cike gurbi ba. Sun kuma yaba labarin da Ian Flynn, marubucin littattafan zane na Sonic, ya rubuta, wanda ya mayar wa abokan Sonic, wato Tails da Knuckles da Amy, mutuncinsu bayan shekarun da aka mai da su abin dariya, da kuma waƙoƙin da ke tashi lokacin faɗa da manyan dodanni.

Ta huɗu, makin ya daskare a ranar fitowa. A cikin 2023 Sega ya saki ƙarin kaya kyauta har sau uku, na ƙarshensu a watan Satumba, The Final Horizon, ya kawo sabon ƙarshen labari da damar sarrafa Amy da Tails da Knuckles. Wanda ya sayi wasan bayan wannan ya sami abin da ya fi wanda aka yi wa sharhi, amma lambar na nan yadda take.

Ta ƙarshe ita ce kasuwa. Zuwa watan Mayun 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 3.5. A kantin Steam, inda sai wanda ya mallaki wasa ke iya sharhi a kansa, kuma ake nuna sa'o'in da ya yi yana bugawa, mafi rinjayen ra'ayoyi yabo ne. Masoya na cewa waɗannan mutane kuɗinsu suka sa, lokacinsu suka ɓata, don haka shaidarsu ta fi ta wanda aka aiko wa wasan kyauta.

Hujjojin masu kare makin

Masu wannan ra'ayi na farawa da abin da ido ke gani. A tsibirin farko, Kronos, ɗan wasa na gudu a fili mai ciyawa, sararin gabansa fayau. Kwatsam sai dogayen ƙarafan sulɓi da dandamali su bayyana a rataye a iska, 'yan taku kaɗan daga inda yake, domin na'urar ba ta zana su sai an matso kusa. A wasan da duk alkawarinsa shi ne ka hango wuri ka nufe shi da gudu, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. A tsibiri na uku, Chaos, taka wani maɓalli ko tsalle kan wani abin cilla mutum na iya kulle kyamara a kallon gefe, ɗan wasa ya makale a hanyar da bai yi niyya ba. Gajerun zangunan gudu kuwa 'yan siffofi kaɗan ake ta maimaitawa, ciki har da Green Hill da Chemical Plant da aka sha gani, kuma an ɗauko tsarin wasunsu daga tsofaffin wasanni. Masoyan ma ba su musanta waɗannan ba. Tun a watan Yunin 2022, da aka nuna bidiyon wasan na farko, masoya ne da kansu suka yi ta kira a kafofin sada zumunta cewa a ɗage fitowarsa.

Hujja ta biyu na rushe zancen ƙiyayya. Masu sharhin da ake zargi su ne suka ba Sonic Adventure 2 maki 89 a 2001, suka yaba Colors da Generations 'yan shekaru kaɗan bayan faɗuwar 2006, suka kuma ba Mania 86. Bayan Frontiers, Sonic X Shadow Generations na 2024 ya sami kusan 80. Makin na hawa da sauka gwargwadon yadda aikin ya kammala. Zancen cewa ana hukunta sabon salo ma bai tsaya ba, domin Mario ya sauya kama sau da yawa ana ɗaga shi: Super Mario 64 ya sami 94, Super Mario Galaxy na 2007 ya sami 97, Super Mario Odyssey na 2017 ma 97. Abin da ake hukuntawa shi ne sabon salon da aka fitar kafin ya nuna.

Ta uku ta shafi makin jama'a. A Metacritic kowa na iya buɗe asusu ya jefa maki ba tare da shaidar ya taɓa wasan ba. Masu so na jefa goma don su ɗaga matsakaici, masu ƙi na jefa sifili don su ja shi ƙasa. Taron dangin da aka yi wa The Last of Us Part II a 2020 ya sa shafin ya hana jefa maki sai bayan sa'a 36 da fitowar wasa. Ko a Steam, waɗanda suka sayi Sonic a makon farko galibi masoyansa ne tun asali. Ra'ayinsu na gaskiya ne, amma ba ya gaya wa baƙo ko shi ma zai ji daɗi.

Ta huɗu ita ce abin da ake gwada wasan da shi. Masoyi na gwada Frontiers da Forces, sai ya ga babban ci gaba. Mai sharhi kuwa na rubuta wa mutumin da ke da dala 60 a hannu da wasanni da yawa a gabansa. Washegarin fitowar Frontiers, ranar 9 ga Nuwamba, God of War Ragnarök ya fito ya sami 94. A shekarar ne kuma Elden Ring ya nuna abin da ake iya yi da buɗaɗɗen fili. Ba da maki tara don kawai wasa ya fi wanda ya gabace shi kyau, in ji masu wannan ra'ayi, yaudarar mai saye ne.

Ta biyar, ciniki ba shaidar inganci ba ne. Frontiers ya zo ne bayan finafinan Sonic biyu na 2020 da 2022 sun jawo sabbin yara masu son gwarzon. A ɗaya gefen, Prince of Persia: The Lost Crown na 2024, wanda shi ma sabunta tsohon jerin tsalle-tsalle ne, ya sami yabo da maki sama da 85, amma cinikinsa bai gamsar da Ubisoft, kamfanin da ya yi shi, ba, aka rarraba ma'aikatan da suka yi shi zuwa wasu ayyuka. Suna da talla da lokacin fitowa na juya kasuwa fiye da kyawun aiki.

Ta ƙarshe, tsananin sharhi ya amfani jerin. A 2010 Sega ya janye wasannin Sonic masu raunin maki daga kantuna don ya kare darajar sunan. Frontiers kansa an so a fitar da shi a 2021, shekarar cikar Sonic 30, aka ɗage don a inganta shi. Bayan fitowarsa, daraktansa Morio Kishimoto ya amince a fili cewa akwai wuraren da ba a kai ga gaci ba, ya ce za su yi aiki da ra'ayoyin da aka bayyana. In mai aikin bai ce ya kammala ba, da wuya a ga dalilin da zai sa mai sharhi ya ce haka.

Auna hujjojin

Zargin ƙiyayya shi ne mafi rauni a cikin hujjojin masoya. Sharhi ɗaya ko biyu na iya kaucewa, kuma misalin Unleashed na da ƙarfi, amma tarihin shekara 20 na makin Sonic bai nuna an haɗa baki a kansa ba. Haka ma hujjar ciniki ba ta tabbatar da komai game da inganci. A nan masu kare maki ne ke da gaskiya.

Hujjar daskarewar maki na da kaifi biyu. Gaskiya ne wasa na canzawa bayan fitowa, amma wanda ya biya kuɗinsa a ranar farko abin da ke cikin kwalin ranar ya saya. Da a ce ana sake maki duk lokacin da aka yi gyara, da kamfanoni sun ƙara samun ƙwarin gwiwar fitar da aikin da bai nuna ba. Sannan ƙarin kayan Satumban 2023 shi ma ya sha suka daga masoya saboda tsananin wuyarsa, har Sega ya sake sassauta shi.

Inda masoya suka fi ƙarfi shi ne batun abin da lamba ɗaya ke iya ɗauka. Sonic Adventure 2 ya sami 89 a Dreamcast. Bugunsa na GameCube, wanda ya biyo baya cikin ƙasa da shekara ɗaya har da ƙarin kaya, ya sami 73. Wasan bai lalace ba a tsakani. Masu sharhin ne suka canza, da wasannin da ake gwada shi da su. Wannan na nuna maki hoton wani lokaci ne da wasu mutane, ba awon da ke tabbata ba. Ga Frontiers kuwa, matsakaicin ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci. IGN da GameSpot sun ba shi bakwai-bakwai, mujallar Famitsu ta Japan, wadda ke haɗa makin mutum huɗu, ta ba shi 35 cikin 40, kafar Digital Trends kuma ta ba shi tauraro ɗaya cikin biyar. Wasan da kowa ya ba bakwai da rabi, da wasan da wasu suka ɗaga sama wasu suka jefar ƙasa, duk suna iya fitowa da 75, amma ba abu ɗaya ba ne. Na farko matsakaici ne ga kowa. Na biyu na iya zama abin ƙauna ga wani, abin takaici ga wani. Irin wannan tunani ne ya sa Eurogamer ta daina ba da lamba a 2015, Polygon ma a 2018, kodayake Eurogamer ta dawo da ma'aunin taurari biyar a 2023, abin da ke nuna masu karatu na son taƙaitaccen hukunci.

Hujjar maimaita zango ma na da tushe, amma ba ta wanke wasan duka. Gaskiya ne gwanintar Sonic na fitowa ne bayan sabo. Sai dai sa'o'in farko su ma ɓangaren wasa ne, kuma mai ƙira ne ke da alhakin riƙe ɗan wasa har ya kai ga daɗin. Ɓacewar dandamali daga nesa ba ta gyaruwa da sabo.

Idan aka tattara, ɓangarorin biyu na amsa tambayoyi daban-daban ne. Mai sharhi na amsa tambayar ko aikin ya kammala, kuma ko ya cancanci kuɗin wanda ba ruwansa da tarihin jerin. Masoyi na amsa tambayar ko an kama hanyar da ta dace bayan shekarun ɓata. Abin da ya biyo baya ya ba kowanne nasa rabo. Sonic Superstars na Oktoban 2023, wanda ya koma tsohon salon kallo daga gefe, ya sami maki saba'in da 'yan kai, ya kuma fito kwana uku kafin Super Mario Bros. Wonder mai 92, abin da ya nuna komawa baya kaɗai ba ya sayen yabo. A 2024 kuma, ɓangaren da ake sarrafa gwarzo Shadow a cikin Sonic X Shadow Generations ya ɗauki buɗaɗɗen filin Frontiers ya rage faɗinsa, ya gyara abubuwan da aka soka, sai makin ya hau. Hanyar da masoya suka yaba ita aka bi, kurakuran da masu sharhi suka lissafa su aka gyara.

Hukunci

Maki 75 adalci ne ga Sonic Frontiers a yadda ya fito a Nuwamban 2022: wasa ne mai sabuwar dabara da aikin da bai gama nuna ba. Masoyan da suka ce shi ne mafi muhimmancin wasan Sonic cikin shekaru da dama su ma ba su yi kuskure ba, domin muhimmanci da kammaluwa abubuwa biyu ne. Kuskuren da ɓangarorin suka yi tarayya a kai shi ne ɗaukar matsakaici a matsayin daraja da za a kare ko a ƙwato. Mai neman sayen wasa zai fi amfana idan ya karanta sharhin da ya fi yabo da wanda ya fi suka, ya duba ko aibin da aka ambata irin wanda ke damun sa ne, sannan ya kalli bidiyon wasan a kan irin na'urar da yake da ita kafin ya fitar da kuɗinsa.